Gonar wake a bayan Kumo: daga shara zuwa ɗaurin buhu

Asabar, 12 ga Yuli, 2025

Bara da ka na yi noman wake, ban rubuta ko sisi ba. Da kaka ta yi maiɗakina ta tambaye ni ko an ci riba, na rasa amsar ba ta. Bana duk abin da ya shiga gonar nan da abin da ya fito sai na rubuta shi.

Gonar ta gado ce, eka 2, jigawa mai ɗan gangare zuwa wani ƙaramin kwari, tafiyar minti 20 a mashin daga Kumo. Tun zamanin mahaifinmu dawa ake zuba mata, a tsarma wake a tsakani, har ta gaji, wuta-wuta ta cinye ta. Bana wake zalla zan shuka. Ni malamin firamare ne a cikin Gombe, Asabar da Lahadi kaɗai ne nawa sai an shiga dogon hutu. Sauran kwanaki Baffa ne idona.

Shara yau, ni da ƙanena da 'yan ƙwadago biyu, naira 12,000. Kashin shanu amalanke 4, naira 20,000.

Asabar, 19 ga Yuli

Na sayo irin SAMPEA 20-T kilo 10 a leda mai hatimi, N25,000. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ita ta fitar da shi a ƙarshen 2019. An sa masa wani ɓangare daga halittar wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa, ta yadda tsutsar maruka, mai cin fure da huda kwanso, idan ta ci shi sai ta mutu. Asalinsa SAMPEA 10 ne, wanda aka sani da jure wa wuta-wuta.

Baffa ya zuba irin a tafin hannu, ya daɗe yana juya shi da yatsa. Ya ce, “Saboda 'yan ƙananan ƙwayoyin nan za ka bar kananado? Me shanuna za su ci da rani?” Ya kuma ce a majalisarsu an ce irin nan ba ya sake tsira idan aka ajiye shi. Na ce, “Baffa, ku yi haƙuri, malamin gona ya tabbatar mini ana ajiye shi kamar kowane wake.” Wannan na iya amsawa. Zancen harawa kuwa ba ni da ta cewa, domin gaskiyarsa ce. Mai bincike buhu yake ƙirgawa, mai shanu kuma buhu da dami. Sabon irin a tsaye yake, ba ya yaɗo, ganyensa kaɗan ne.

Mun raba gonar biyu. Eka ɗaya ta ƙasa sabon iri, eka ɗaya ta tudu kananadon Baffa, daga irin da ya ajiye a toka.

Asabar, 26 ga Yuli

Huɗa da garmar shanu, N32,000. Takin supa buhu 2, N56,000, mun watsa kafin garma ta rufe. Ban sayi yuriya ba, wake ba ya buƙatarta kamar masara, shi ke haɗa wa kansa a saiwa. Abin da ya fi so fosforas ne.

Asabar, 2 ga Agusta

Mun shuka. Maƙwabcina ya ce na makara, da gero na shuka da yanzu ya yi kai. Ba makara ba ce, lissafi ne. Irin nan kwana 70 zuwa 75 yake yi. Wanda ya shuka shi a Yuni, a tsakiyar marka zai nuna, kwanso ya ruɓe a jikin uwa. Nawa tsakiyar Oktoba zai faɗa, lokacin da ruwa ke ɗaukewa.

Ƙwaya 2 a rami, tsakanin rami da rami taƙi ɗaya. Kananado mun ba shi fili sosai saboda yaɗo. Kilo 8 ya ishe mu, 2 ya rage. Masu shuka N10,000. Jimla zuwa yau N155,000.

Asabar, 9 ga Agusta

Tsiro ya fito reras, gurbi kaɗan ne babu. Alhamdu lillahi.

Alhamis, 14 ga Agusta

Daren jiya an kwana ana ruwa. Da asuba Baffa ya kira ni, ya ce in zo in gani da idona.

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ekar ƙasa ya tafi. Kunyoyi 11 ruwa ya yanka su a tsakiya, ya kwashi tsiro da taki ya zuba a kwari. Waɗanda suka tsira a gindin gonar suna tsaye cikin ruwa zuwa wuya, yashi ya binne wasu. Wake ba shinkafa ba ne, kwana biyu ruwa ya kwanta masa ganye ya yi ɗorawa.

Da na tsaya daga tudu na dubi gonar, sai na ga inda kuskuren yake. Kunyoyin bin gangare suka yi daga sama zuwa ƙasa, saboda haka ya fi wa shanu sauƙi, ni kuma ina tsaye a wurin ranar huɗa ban ce a karkata su ba. Kowace kwarin kunya ta zama magudana. Duk wanda ya san manyan kwaruruwan da suka ci gidaje a cikin garin Gombe ya san da irin wannan ɗan tsagin suke farawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan, ba tsiron ba. Tsiro ana sake shuka shi, ƙasar da ta tafi ba ta dawowa.

Mun yi wa ruwan hanya ta gefe, mun jera buhunan yashi 15 a bakin tsagin, mun datse kwarin kunyoyi da ƙasa duk bayan 'yan taku domin ruwa ya riƙa tsayawa yana nutsewa. Jibi in ƙasa ta sha iska zan maye gurbi da kilo 2 ɗin nan. Aikin yau N8,000.

Asabar, 23 ga Agusta

Noman firi, N30,000. Wanda aka maye ya fito.

Asabar, 30 ga Agusta

Darɓa ta sauka a kan kunnuwan da ke toho, baƙa ƙirin, tururuwa na hawa da sauka. Ba ko'ina ba, wajen gefen gabas. Ban so in fara da magani tun yanzu ba. Goggo ta daka mini 'ya'yan darbejiya mudu 2, muka jiƙa ya kwana, muka tace da ƙyalle, aka sa ɗan sabulu, na fesa a inda take.

Na tuge tushe ɗaya na nuna wa jikan Baffa. Saiwar cike da 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar gero. Na fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja. Na ce masa wannan jan shi ne alamar suna aiki, suna jawo abincin shuka daga iska suna ajiyewa a ƙasa, dawar baɗi za ta ci. Yaron ya tafi da saiwar a aljihu.

Asabar, 6 ga Satumba

Maimai, N24,000. Darɓa ta lafa, ruwan da aka yi ranar Maulidi ma ya taimaka.

Asabar, 13 ga Satumba

Sabon iri ya fara fure. Malamin gona ya koya mini in tsinko fure 20 daga wurare daban-daban da sassafe, in buɗe su a kan farar takarda. Tsutsa ko ɗaya babu. Amma wasu 'yan mitsi-mitsin baƙaƙen ƙwari, ba su kai kan allura ba, sun cika takardar suna gudu. Su ne ke sa fure ya kaɗe. A nan mutane da yawa ke ruɗewa: irin nan tsutsar maruka kawai yake kashewa. Ƙwarin fure da darɓa da masu tsotsar kwanso babu ruwansa da su. Abin da aka ce shi ne feshi ya ragu daga shida ko takwas zuwa biyu, ba a ce ya zama babu ba.

Jibi makaranta za ta koma, ina sauri. Na sayi maganin feshi lita ɗaya a wajen wani mai tebur a bakin kasuwa, N6,500, ya ce shi ne kowa ke saye. Mai feshi N4,000.

Asabar, 20 ga Satumba

Mako guda ban taka gonar ba saboda rajistar yara. Yau na tarar da ƙasan kowane tushe fari fat da furen da ya zube. Na buɗe fure 20, ƙwarin suna nan kamar ba a fesa komai ba, sun ma ƙaru.

Na ɗauko kwalbar daga bukka na kai ta rana. Inda ake rubuta ranar lalacewa an kankare shi, an liƙa wata 'yar takarda a kai. Murfin ma da na tuna, ba tare da ƙara ya buɗe ba. Na koma kasuwa, mai teburin babu shi, na kusa da shi suka ce daga kasuwa zuwa kasuwa yake bi. Araha ba ta ado. N10,500 ta tafi, amma ba ita ce asarar ba. Furen mako guda na farko shi ne mafi ƙarfi, kuma ba ya dawowa.

Abin ya yi mini ciwo har na kasa cin abinci. Ni da na iya karatu an yi mini haka, ina ga Baffa da tsararrakinsa da ke dogara da kalar kwalba? Mutum ya fesa bai ga aiki ba, ba zai ce jabu ne ba, cewa zai yi ya yi kaɗan, ya ninka. Ranar da ya dace da na gaske kuma ya zuba ninki biyu a kan abincin mutane.

Na sayi wani a shago mai rajista a Gombe, na karɓi rasit, N9,500. Na ari injin goyo na fesa da kaina da yamma liƙis, bayan ƙudan zuma sun tashi, da takunkumi da doguwar riga da takalmin roba. Jimla N237,000.

Asabar, 27 ga Satumba

Sabon fure ya kama, kwanso ya fara fita kamar yatsun jariri.

A ɓangaren kananado wuta-wuta ta ɓullo. Ba irin ta dawa ba ce mai tsayi da jan fure, wannan gajeruwa ce, tana fitowa cunkus a gindin wake, kuma duk tushen da ta kama ya tsumbure. Mun tuge ta kafin ta yi 'ya'ya, muka ƙona a wajen gona. Na bi ekar ƙasa kunya-kunya ban ga ko ɗaya ba. Baffa ma ya bi bayana ya duba, bai ce komai ba.

Laraba, 1 ga Oktoba

Hutu. Feshi na biyu, ban da na jabun nan, kuma na ƙarshe ga sabon iri, saboda masu tsotsar kwanso. Daga yau ba magani har roro.

Asabar, 11 ga Oktoba

Kananado sai da rana ta fara gajarta sannan ya yi fure, haka halinsa yake ko yaushe aka shuka shi. Kuma maruka ta same shi. Yau na zauna na kalli aikinta da kyau: tana haɗe fure da ganye da wani zare kamar saƙar gizo, ta ɓuya a ciki inda magani ba ya isa. A jikin ɗanyen kwanso sai ka ga ɗan rami, da kashinta tare a bakinsa kamar dusa. Na tsaga ɗaya, ga ta kwance, fara-fara mai ɗigo-ɗigon baƙi a gadon baya, ta cinye ƙwaya uku. Taku biyar daga nan, a ƙetaren iyaka, kwanson sabon iri sumul.

Na ƙaro lita ɗaya, N9,500. Wannan feshi na biyu ke nan ga kananado a watan nan.

Asabar, 18 ga Oktoba

An fara roro. Mata 7, da sanyin safiya kafin kwanso ya bushe ya riƙa fashewa a hannu.

Talata, 21 ga Oktoba

Ruwan bankwana ya sauka da la'asar, waken na shanye a kan tamfol. Goggo da jikokinta suka kwashe abin da suka iya. Kimanin buhu 2 na kwanso ya jiƙe. Ta ware shi daban, ta baza a zaure ya kwana, Allah ya sa rana ta fito washegari. Kaɗan ne ya yi baƙi.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Roro ya ƙare har da wanda aka maye, N28,000. Bugu da shiƙa N9,000. Sabon iri ya ba da buhu 5 cif. Da ba don zaizaya da furen da ya zube ba, na tabbata da ya haura 6. Ƙowa an tara wa Baffa.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na je Tudun Hatsi da mudu ɗaya a leda don in ji kasuwa. An taya buhu N68,000. Kananado, saboda girman ƙwayarsa, suka ce N80,000. Bara war haka farashi ya fi wannan nesa ba kusa ba, taki da ƙwadago kuwa ba su sauko ba. Ban sayar ba.

Na daɗe a tsaye ina kallon manyan motoci ana loda musu wake zuwa Legas da Fatakwal da Anaca. Najeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, Nijar na bi mata, amma duk da haka ba ya isar mu, sai an ƙaro daga Nijar ɗin. Ƙosai da alale da wake da shinkafa da ɗan wake, daga Arewa har Kudu, gidan da nama ya gagara wake ne namansa. Mai saye ba zai taɓa ƙarewa ba. Ban da shakka a kan wannan.

Inda nake da tsoro shi ne ajiya. A bayan wani sito na ga an baza wake a ƙasa, wani yaro ba takunkumi yana yayyafa masa fiya-fiya da tsintsiya, ana juyawa da shebur. Warin ya bi ni har bakin titi. Shekara uku da suka wuce yarana biyu sun kwana a asibiti suna amai bayan sun ci alalen waken da muka auno a kasuwa. Uwarsu ta ce tun wajen surfe ta ji wani wari, ta ɗauka na buhu ne. Ba na mantawa da daren nan, kuma shi ne ainihin dalilin da ya mayar da ni gona. Saboda irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya tun 2015. Su sun iya rufe ƙofarsu. Mu da 'ya'yanmu mu ke cinye shi.

Ba na ganin mai siton mugu ne. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo kwanso, ya yi ƙwai a jikin ƙwaya, cikin 'yan watanni buhu ya koma gari da ramuka. Mutum ya zuba jarinsa, tsoro yake ji. Amma akwai hanyar da ba guba, kuma ba tsada gare ta ba idan aka kwatanta da kuɗin buhu guda.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Na sayi buhun PICS guda 6, N21,000. Masana a Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka ƙirƙiro shi: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ba magani a cikinsa ko kaɗan, iska yake toshewa, ƙwaron ya shaƙe wadda ta rage ya mutu.

Kafin mu zuba sai da muka ƙara wa waken rana uku. Goggo ta gwada da haƙori, ya ce ƙas. Ni kuma na zuba kaɗan a busasshiyar kwalba da gishiri na girgiza, gishirin bai manne a jikin kwalba ba. Kowace leda mun hura mata iska mun danna don a ga ko tana da huji. Sannan aka zuba, aka matse iska, aka murɗe bakin ta ciki aka lanƙwasa aka ɗaure, ta biyu ma daban, na waje daban. Buhu 4 na kan katako, ba su taɓa bango ba. Na biyar yana cikin jarkoki masu murfi, a cike har baki, daga ciki za a ci, a fid da zakka, a ajiye iri.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Kananado buhu 2, bayan feshi huɗu. Roro da bugu N14,000, dako gaba ɗaya N10,000. Harawa kuwa dami 64, Baffa ya jera ta a kan rumfa da kan bishiyar da ke ƙofar gida. Ekar ƙasa dami 19 kawai ta ba shi.

Liman ya ce tunda an haura sa'i 300, kuma ruwan sama ne ya shayar, ɗaya bisa goma za a fitar. An fitar.

Abin da na kashe N328,500, ban da man mashin da guminmu. Abin da ya rage bayan zakka, a farashin yau, kusan N450,000. Bambanci N121,500, ga harawa da ƙowa a gefe. Ba yawa, amma bana ina da amsar ba maiɗakina.

Da yamma Baffa ya ce, “Ɗana, ka ɗebar mini mudu 3 daga naka, zan gwada a gonar rafi.” Na ce, “To Baffa, ku ma ku ajiye mini kananado.” Ba zan bar shi ba. Kuɗinsa ya fi, harawarsa ta fi. Da masu bincike za su fitar da mai girman ƙwayarsa da yaɗonsa, wanda kuma tsutsa da wuta-wuta ba sa iya masa, da ba sai an yi wa kowa wa'azi ba a ƙasar nan.

Asabar, 13 ga Disamba

Na duba ɗakin ajiya. Ɓera ya huda gindin buhu ɗaya har leda ta ciki. Na juye a sabo, N3,500, na tankaɗe na duba, ƙwaro bai kai ga shiga ba. An toshe ramin da siminti, an ɗaga katakon da bulo. Sauran ba zan buɗe su ba sai watan Mayu ko Yuni, lokacin da masu neman iri da masu ƙosai za su fito.

Baɗi dawa za ta koma ekar ƙasa ta ci abin da wake ya bari, wake ya hau tudu. Kunyoyi a gicciye, ko da mai shanu zai ƙara kuɗi. Magani zan saya tun Yuli, a shago, ba ranar da fure ya buɗe ba.

Wani abokin aikina yana da fili a ƙasan madatsar Dadin Kowa, ya ce zai ba ni rabin eka in gwada na rani. Wake ba ya son sanyin hunturu, sai farkon Fabrairu za a shuka, a rore a Afrilu. Kuɗin man injin ban ruwa ne ban lissafa ba tukuna. Ranar Asabar mai zuwa zan je in ga filin, in tambayi waɗanda suka yi bara sau nawa suke ba shi ruwa a mako.